Yadda Ake Wanke Bindigar Suruki Ba Tare da an Iya Ba

Sabon buroshin haƙori. Tsumma biyu daga tsohuwar singileti. Kwalbar man keken ɗinki. Safar hannu irin ta asibiti. Waya mai cikakken caji. Suna kan kujerar gefe, kai kuma kana tsaye a danja, kan hanyar Sa'alaba a Jidda, za ka gidan surukinka.

Ga yadda ka jawo wa kanka. Shekara shida ka yi a Teksas kana karatun sufuri da ajiyar kaya. Ranar da ka je neman auren Wejdan, mahaifinta Alhaji Abdulghani ya ce, "Can kowa da bindigarsa, ko? Kai ma ka iya?" Ka ce eh. Ba ka taɓa riƙe ko ɗaya ba. Yanzu yana neman wanda zai miƙa wa makullan sitonsa na unguwar Khumra, ko kai ko ɗan ƙanensa Muath, kuma ya kira ka ka wanke masa ƙaramar bindigarsa mai lasisi, irin mai jikin roba.

Bi matakan nan. Na ba ka tabbacin nasara. An gwada su sau ɗaya, ba su kuskure ba.

1. Shiga da fuskar likita

Gaisa, amma kada ka yi murmushi. Gwani ba ya murna da aiki. Sa safar hannu a hankali, yatsa bayan yatsa, inda Muath zai gani. Zai kasance a majalisa, wato ɗakin baƙi. Ba a gayyace shi ba, amma zai kasance.

2. Bari mai ita ya kwashe harsashi

Nan babu wasa. Kira shi da Larabcin baffa, ka ce, "Ammi, a Teksas mai bindiga shi ke kwashe ta da hannunsa." Ban san ko haka ne ba, amma ita ce magana mafi amfani da za ka yi yau. Bari ya cire, ya nuna maka babu komai a ciki, ya kulle harsasan a akwati. Sa shi ya sake dubawa.

3. Girgiza kai

Juya ta. Kalle ta a haske. Ja tsaki kaɗan.

"Me ka gani, ya waladi?" in ji Alhaji.

"Iskar teku, Ammi. Gishiri."

A Jidda duk abin da ya lalace laifin teku ne: mota, na'urar sanyi, gwiwar tsofaffi. Ba wanda zai musa.

Muath zai ce, "Mashallah, ɗan Teksas. To yalla, maza buɗe ta mu gani."

Kada ka kalle shi.

4. Nemi banɗaki

Buɗe famfo. Rage sautin waya. Akwai bidiyon wani mai jan gemu da ke kwance irinta cikin minti tara. Kalla sau biyu. Fito kana shafa ciki, ka ɗora laifin kan kifin jiya.

Raba ta: ƙarfe gefe, roba gefe. Sifirin zai tashi sama ya shige ƙarƙashin kujera. Ka ce, "Har yanzu da ƙarfinsa." Bari Muath ya durƙusa ya ɗauko. Ganin hakan kaɗai ya biya maka wahalar hanya.

5. Goge, kana wa'azi

Buroshi a kan robar, tsumma a kan ƙarfen, mai ɗigo biyu. Alhaji zai ba ka labarin doguwar bindigar mahaifinsa a Sudan, da yadda ake kwana da ita cikin kalanzir.

Ka ce, "Wannan roba ce, Ammi. Ba ta son kalanzir, ba ta son wuta."

Abin da ka riƙe ke nan daga mai jan gemu, saboda haka faɗe shi sau uku. Lura: maza kaɗai ka faɗa wa. Cikin gida ba su ji ba.

6. Tafi sallar la'asar

Jera kayan a kan tire, ku tafi masallaci ku uku. Ilimin da ba a koyarwa a Teksas shi ne: a gidan Hajiya Rabi'a, surukarka, ba abin da ke zama a majalisa bai sha turare ba. Matasai sun sha. Mayafin kan baƙi ya sha. Rimot ɗin talabijin ma ya sha. Za ta shigo ta ji warin man keke a ɗakin baƙinta, ta ɗauki jikin robar ta ɗora a bakin kaskon turare, garwashi na ci, ta koma wajen shayi.

Za ku dawo ku tarar da mariƙin ya karkace kamar cokalin roba da aka manta a tukunya. Hajiya ta riga ta gani, ta mayar da shi kan tire, ta ɗauke kaskon. Wayarka za ta motsa. Saƙon Wejdan ne kan mahaifiyarta: "Ummi ce. Don Allah."

7. Ɗauki laifin

Kana da gaskiya a hannu, kuma za ta wanke ka tas. Ajiye ta.

"Wa ya yi wannan?" in ji Alhaji.

"Ni ne, Ammi. Na sa ta kusa da wuta don ta bushe."

Muath zai zauna don ya ji daɗin dariya. "Ba ta son wuta, ba ta son wuta, ba ta son wuta. Wallahi ko ni na haddace. Shekara shida, ya shekh."

Bayan labule za ka ji ƙarar awarwaron Hajiya ta tsaya cak. Kalli kafet.

Alhaji zai ɗauki robar ya kai hanci. Zai daɗe. Shekara talatin da biyar yana shaƙar wannan haɗin turaren a jikin rigarsa.

"Muath," zai ce, "je ka ce a kawo shayi."

Gargaɗi

Daga nan matakai sun ƙare, alhakina ma ya ƙare. Wanda ya bi su ya narka bindigar mutane, ko ya rasa aiki, ko surukinsa ya kasance mai mura a ranar, kada ya neme ni. Mai bindiga ya kai ta wurin wanda ya iya. Ni abin da na gani kaɗai zan shaida.

Alhaji ya tashi ya tura ƙofa har ta kama, ya rage murya.

"Bindiga ba ka iya ba. Tun ranar neman aure na sani. Amma sito ba harbi ake yi a ciki ba. Halas, shi ke nan, Lahadi ka zo ka karɓi makullai. Kuma Rabi'a kada ta ji cewa na gane."