Ranar da Jitata Ta Yi Kiɗa Babu Ni

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na ranta a na kare na bar jitata tana kiɗa ita kaɗai a Geceme ba. Ko yau na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni jinin makaɗa ne ta wajen uwa. Kawuna Nomau gurmi yake kaɗawa tun ba a haife ni ba, amma shekara bakwai ina fama da jita a Dogon Dutsi bai taɓa zama ya saurare ni ba. In an yi zancena sai ya ce, "Wanga abin naku na Nasara, in mata ukku sunka yi guɗa, wa ka jin shi?" Maganar tana ci mini rai, don duk duniya babu wanda nake so ya ce na iya kamar shi. Da aka sa ranar bikin 'yarsa Hadiza, sai ya aiko wai in zo in gwada. Waƙa ɗaya tak. Kwana uku na yi ina murmushi ni kaɗai a kan titi.

Sai dai jita ba ta da murya sai da ampili, akwatin nan mai ɗaga sauti, nawa kuwa kukansa kamar sauro a cikin gwangwani. Aka kwatanta mini Baba Gado, wani tsohon mai gyaran rediyo a bayan tasha, wanda ke haɗa ampili da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai ya ga dama. Na same shi cikin tarin wayoyi, tabarau a kan hanci.

"Wane iri kaka so, ɗana? Na zamani, ko mai lampu?"

A nan na kashe kaina. (Ka san aji shida na tsaya a lakkol, makarantar boko, amma in na ji kalmar Faransanci sai in ɗaga kafaɗa kamar ni na haife ta.) Lampu ai fitila ce, wa bai sani ba? Nan take na hango akwatina yana walƙiya, ja, kore, shuɗi, Kawu Nomau ya saki baki.

"Mai lampu, Baba! A sa da yawa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Huɗu sun isa. Amma ka san halinsu? In ka kunna..."

"Je sais, Baba, je sais," na tare shi. Wato na sani.

Wata biyu yana aikin, ni kuma ina tallar abin da ban gani ba. Babu mai shayin da bai ji labari ba. Har Hadiza na kira na ce ta gaya wa ƙawayenta su zo da idanu, ba kunnuwa kaɗai ba.

Ranar karɓa na tarar da akwatin katako, an lulluɓe shi da jar fatar akuya, ɗinkin dukawa tsaf. Baba ya riga ya kunna shi tun kafin in zo, don haka ina taɓa tsirkiya sauti ya cika shagon, mai kauri, mai zaƙi, har tsigar jikina ta tashi. Na rungume tsohon nan sai da tabaransa ya karkace. Fitila ko ɗaya ban gani ba, amma na ce a raina sai an je fili za su nuna kansu. Tambaya kuwa, Allah ya kiyaye, ni da na ce na sani? Ya sake buɗe baki zai yi bayani, na sake je sais ɗina, na ɗauki kayana.

A kan kabu-kabu na tafi Geceme, akwati a cinya kamar jariri, ina yi wa mai babur faɗa a kan kowane rami.

Bayan la'asar aka tayar da gurup, injin ba da wuta. Ƙofar gida ta cika. Kawu yana kan tabarma a gaba, gurminsa a gefe. Na gyara hula, na ce wa jama'a su buɗe ido su ga abin da ba a taɓa gani ba a Arewa. Na danna maɓalli. Na kaɗa.

Shiru.

Na sake kaɗawa. Ko tari akwatin bai yi ba. Na murɗe duk abin da ke murɗuwa har ƙarshe. Ƙawayen amarya suka fara ƙyalƙyala. Gumi ya karyo mini, na leƙa bayan akwatin, sai na ga wasu 'yan kwalabe huɗu suna yin ja, ja kamar garwashi, ga zafi yana tasowa, ga wani wari-wari.

"Gobara! Za shi fashewa! Ku gudu!"

Na jefar da jita a jikin akwatin, na tsallake turmi, na bar takalmi ɗaya, ban tsaya ba sai bayan rumbu. Da na leƙo, ni da wata akuya kaɗai muka gudu.

A lokacin ne akwatin ya ga damar magana. Wani dogon kuka ya tashi, wuuuuu, jita na kwance babu mai taɓa ta. Wata tsohuwa ta cire takalmi ta durƙusa tana cewa, "Aljana Doguwa ce ta amshi kiɗin! Sannu da zuwa, uwar gida!" Wani matashin ustazu mai kanti ya kama a'uzu billahi da ƙarfi. Kawu kuwa ya miƙe a natse, ya ɗaga jitar, ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya. Kukan ya tsaya cak.

Ya sa aka jawo ni, ya ce in kira wanda ya haɗa akwatin, in buɗe muryar waya kowa ya ji.

Baba Gado ya yi dariya har da tari. "Lampun ke nan, ɗana, kwalaben nan! Sai sun yi ja suka magana. Minti guda za ka jira. Sau biyu ina son gaya maka, kac ce je sais."

Hadiza, da yake taubashiyata ce, daga cikin lulluɓi ta ɗaga murya: "A ba Malam Jese takalminshi!" Wurin ya kece. Da ƙasa tana tsagewa, wallahi da na shige da hulata.

Kawu bai yi dariya ba. Ya kai bayan hannunsa kusa da kwalaben, ya ji ɗuminsu, ya gyaɗa kai. "Ashe abin nan gurmi ne. Nawa ma sai hwatar ta sha rana taka faɗin gaskiya." Ya miƙo mini jitar. "Akwatin ya yi zahi. Saura kai."

Na kaɗa, ƙafa ɗaya babu takalmi. Mata suka yi guɗa, ba uku ba, sun fi talatin, kuma ana jina sarai. Ban kai rabin waƙar ba na ji gurmi ya shigo ta bayana, yana bin kiɗana. Ban waiwaya ba, don idona ya cika.

Har gobe Jese ake kirana daga Geceme zuwa Tibiri, yara ma sun ɗauka sunan yanka ne. Ni kuma na koyi halin akwatina: in tsoho ya fara bayani, sai in yi shiru na minti guda, ko da na sani. Galibi ma ban sani ba.