Gunar da Na Ci a Bayan Makka

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da Malam Habibu ya kai mu yawon dutse ba. Ɗalibin jami'a ne, shi ke koya mana karatun boko bayan la'asar a unguwar Hindawiyya da ke Makka, mu manya masu furfura. A ajin nan ni ne na baya (harafi ɗaya sai ya yi mako muna kallon juna), amma ban taɓa fushi ba.

Da zafi ya sassauta, daidai lokacin da ake kaka a gida, Malam ya ce zai fita da jama'ar unguwa bayan gari, ya nuna mana tsirrai, mu ga faɗuwar rana. Raina ya yi fari. Ni ɗan manomi ne daga ƙauyen Kano. Na zo aikin Hajji na zauna, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba halin zuwa gida in dawo. Kullum kaka ta zagayo sai in ji ƙamshin sabon gero a hancina, ina tsakiyar wanke motocin mutane. Na ce yau dai za a ga inda na fi kowa.

Tun a mota na fara cika baki. Malam Iro, Bazazzagin da muke zama benci ɗaya, ya ce, “Bawana, yaushe rabonka da fartanya?”

Na ce, “Bazazzagi, daji a jinina yake.”

Da farko abin ya yi kyau. Malam Habibu ya nuna wani tsiro, na ce tumfafiya. Ya nuna wata bishiya, na ce magarya. Mata suna “Masha Allah, ya ammi!” (wato baffa). Har tafiyata ta canja.

A cikin yashin gindin dutsen ne na hango ta: yaɗo a ƙasa, da 'ya'ya ƙulu-ƙulu masu zane. Nan take na ga gonar babanmu, na ga ni da yayana Sale muna fasa guna da dunduniya. Na durƙusa na tsinko ɗaya.

Malam ya ce, “Baba, dakata, wannan…”

“Malam, a aji kai ne malam. Nan kuwa bar ni. Guna ce.”

Na fasa, na gatsa. Jama'a, ɗacin ya kai har kunnena. Amma ido ya yi yawa, sai na haɗiye, har na ƙara (wai don kada Bazazzagi ya samu abin faɗa).

Malam ya ce a hankali, “Larabawa hanzal suke ce mata. Maganin wankin ciki ce.”

Iro ya karɓi ɓarin ya duba. “Kwartowa! Ai ko a gida akwai ta, akuya ma ba ta ci. Bawana, ashe dajin ya fita daga jinin.”

Muna kaiwa sama cikina ya fara kiran sunana. Faɗuwar ranar da aka zo kallo, ni daga bayan wani ƙaton dutse na ji labarinta, ina riƙe da gorar ruwa, ina jin ana “Subhanallah, dubi ja!” Can kuma Iro yana ɗaga murya: “Sarkin Noma, a jira ka ko a ta da sallah?”

Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, da gaske na manta. Ina yaro ko da ido rufe ba zan haɗa guna da kwartowa ba.

Washegari na kira Sale a waya na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, “Guna ta yi kyau bana. Gefenka na gonar ma ta yaɗu.”

Na ce ya ɗauko mini hotonta. Yanzu tana cikin wayata, ina bitarta kamar haruffan Malam Habibu. Tun ranar kuma, duk abin da ya yi mini kama da gida a ƙasar nan, sai na lasa kafin in haɗiye.