Laccar Farfesa Karajov a Bakin Kabari

A duk faɗin Bulgeriya babu wanda ya san mutuwar taurari kamar Farfesa Luben Karajov. Mu abokan aikinsa a gidan hangen taurari na kan dutse, Sarkin Ta'aziyya muke ce masa. In tauraro ya yi gangancin matsawa kusa da ƙaton baƙin rami a can wani garken taurari mai nisa, ramin ya fizge shi ya yayyaga, Farfesa ne ke fitowa a talabijin da baƙar kwat ya sanar da rasuwar. Muryarsa ba ta taɓa rawa ba.

Da 'yarsa Nevena ta rasu ma bai ba mu kunya ba. Washegarin binnewa ya dawo ofis ya gyara mana lissafi. Muka yaba ƙwarai, don mu ma abin da muka iya ke nan.

Matarsa Tsvetana ce kaɗai ta kasa gane girman wannan juriya. Ranar addu'ar arba'in, tana barbaɗa sukari a kan dafaffiyar alkamar sadaka, ta ce, "Luben, tun da aka binne ta ba ka kira sunanta ba. Kullum 'yarinyar nan'. Yau ka kira shi a bakin kabari. In ba haka ba, daga can gidan yayata zan wuce, a birnin Plovdiv."

"Haba Tsveta! Ni da na yi jawabi a Rom babu takarda?"

A maƙabarta, Fada, limamin coci, ya gama addu'a, aka tsiyaya ruwan inabi a kan kabarin. Farfesa ya gyara murya.

"'Yan'uwa, in rami ya kama tauraro, ba duka yake haɗiyewa ba. Rabi ya faɗa, rabi ya tsira. Hasken kuma yana dusashewa ne bisa ƙa'ida, wadda ni da kaina na tace."

"Luben," in ji Tsvetana.

"Ina zuwa. Abin lura shi ne nauyin ramin."

Ya yi bayanin nauyin ramin. Ya zana da'ira a iska da kyandir ɗin hannunsa. Sau ɗaya ya dubi hoton 'yarsa da ke jikin gicciyen kabarin, bakinsa ya buɗe, sai ga sunan wani tauraro ya fito, da lambobinsa cif. Ya rufe kamar yadda ya saba: "Akwai tambaya?"

Wata tsohuwar gwaggo ta ɗaga hannu. "Ɗana, za a raba alkamar ne, ko sai ramin ya gama?"

Aka raba. Tsvetana ta miƙa masa kwanon alkamar da ta rage, ta nufi tashar bas.

A cikin mota, gilasai a rufe, Farfesa ya dubi kwanon a kujerar gefe, ya ce, "Nevena." Ya faɗa daidai, babu gyara. Wannan ce laccarsa mafi kyau, kuma alkama ce kaɗai ta halarta.