Labulen Alhaji Ni-ne-Kwamiti

Duk Ƙauran Namoda babu wanda Allah ya hore wa shugabanci kamar Alhaji Mahmuda, ciyaman ɗin wata 'yar ƙungiyar samar wa ƙauyuka ruwa. Da bakinsa ya sha faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya. 'Yan tasha na kiransa Ni-ne-Kwamiti, yana amsawa da jinjina, a zatonsa sarauta ce.

Mutum bakwai ne a kwamitin, maza uku, mata huɗu. Tun farko Alhaji ya sa aka rubuta a dokar ƙungiya cewa in huɗu suka amince, magana ta zauna. Dabara ce ta masu hangen nesa: shi, da ƙanin matarsa, da Wakili mai gyaɗa masa kai, sai mace ɗaya da kunya za ta hana musu. Kulsumu sakatariya ce ke cike gurbin, don ba ta iya haɗa ido da kowa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Alhaji ya wayi gari ya fi kowa tsoron Allah. Ya tsayar da gemu, ya sayo yadi goma a kasuwar Shinkafi, ya raba ofis biyu da labule. Mata can wajen ƙofar baya, shi a gaba kan kujera mai juyawa.

Ana nan sai masu taimako suka turo injin haƙa burtsatse, rijiya ɗaya tal. Direban ya ce in la'asar ɗin Alhamis ta yi bai ga takardar wurin da kwamiti ya zaɓa ba, Zurmi zai wuce. Inna Yalwa, babba a matan, ta roƙa a kai Katuru, inda mutane ke shan tafki ɗaya da shanu. Alhaji kuwa ya hango inda ya fi buƙata: ƙofar gidansa. Akwai famfo a wurin, amma babu allo mai sunansa.

Ranar Alhamis bayan azahar ya miƙe, ya saɓa hannun riga, ya fuskanci labule.

"Tun Zamfara tana cikin Sakkwato nika jagorancin jama'a. Wanga aiki ba na mata ba ne. Ku dai ku yi shiru, shirunku shi na amincewarku."

Labule ya yi shiru. Daɗi ya kama Alhaji, ya ɗauko tarihi: zuwansa Makka sau biyu, da ranar da wani kwamishina ya gaishe shi da hannu biyu. Wakili na gyangyaɗi, Alhaji ya ɗauka goyon baya ne. Bai taɓa samun masu sauraro irin na yau ba, ko tari babu. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Da ladan ya kira la'asar, ya umarci Kulsumu ta rubuta cewa kwamiti ya zaɓi ƙofar gidan ciyaman. Shiru. Ya maimaita har sau uku. Tsoron Allah ya hana shi leƙawa, sai ya sa Wakili ya ɗaga labulen.

Benci ne kawai, ƙofar baya a buɗe, da kwafin takarda an danne da dutse. Rubutun Kulsumu ne, tsaf: mutum huɗu sun amince da Katuru, bisa dokar da ciyaman ya kawo, an miƙa wa direba tun ƙarfe uku.

A ƙasa, wajen sunayen mahalarta, ba ta manta da shi ba. Ta rubuta: "Ciyaman yana jawabi."