Ƙaryar da Na Zuba a Bakin Kogo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da Asabar ɗin da na je gaida wan mahaifin Saratu. Saratu ita ce wadda nake nema da aure a lokacin, ma'aikaciyar jinya ce a nan Kontagora. Ni kuwa malamin sakandare ne, kuma don abin ya ƙara ciwo, Tarihi nake koyarwa.

Mahaifinta ya karɓe ni hannu biyu, amma ya ce shi ba shi da ta cewa. Mai ba da auren 'ya'yan gidansu yayansa ne, Baba Gado, wanda ke zaune a garinsu na asali, wani ɗan gari a kwari tsakanin duwatsu biyu can wajen Rijau. In ya ce e, magana ta ƙare. In ya girgiza kai, sai in kama gabana. Saratu ta ja min kunne cewa tsohon ba ya son ƙarya ko da ta wasa ce. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni da ƙarya ko hanya ba mu haɗa ba.

Sai na je na ari motar abokina (ka ji mai gaskiya), na saka sabuwar shadda mai maiƙo, na ɗaura agogon da nake ajiyewa don biki.

Kafin in tashi kowa ya cika min kunne. Mahaifiyata ta ce in yi ta addu'a a hanya. 'Yan majalisarmu kuwa lacca suka yi min: wai ɓarayin daji ba sa ɗaukar mutum haka kawai, sai infoma ya kai musu rahoto, kuma infoma ba ya zuwa da bindiga, da fara'a yake zuwa, ya yi ta tambayarka aikinka da danginka yana auna nawa za ka yi. Na yi dariya a gabansu, amma maganar ta zauna min a ciki.

Na isa da hantsi. Da ma Saratu ta ce min in tsaya gindin kukar da ke gaban masallaci, za a zo a tafi da ni. Na tsaya, na duba waya, babu sabis ko ɗigo. Ina cikin haka wani tsoho ya nufo ni, da 'yar shara ta gona duk ƙasa, da takalmin taya, da adda a hannu. Ya gaishe ni da Hausarsa mai ɗan karkata irin ta mutanen yankin, ya ce ai baƙon Kontagora ne, ko? Ya ce duk wanda ya zo garin nan sai ya ga tsohon gari a kan dutse, in taho ya zaga da ni, ba nisa. Na ɗauka irin tsofaffin nan ne masu raka baƙi a ba su na goro. Na ce bari in je in ɗauko hotuna in burge Saratu, tunda kullum cika baki take da tarihin garinsu.

Sai da muka yi rabin hawa tambayar ta faɗo min: yaya aka yi ya san daga Kontagora nake? (Yana nan rubuce ɓaro-ɓaro a lambar motar. Wannan sai bayan kwana biyu na tuna.)

Gaskiya wurin abin kallo ne, ga mai natsuwa. Ya nuna min ganuwar da kakanninsu suka jera da duwatsu ba laka ba komai, tana nan tsaye ta kai ƙirjin mutum. Ya nuna min ramukan da mata suka yi ta niƙa a kan fa har dutsen ya lotsa, da kufan maƙera inda har yau ake tsintar kashin ƙarfe. Yana bayani, ni kuwa addar nake kallo. Duk sanda ya ɗaga ta ya sare ciyawar da ta tare hanya, sai in ji wuyana ya yi sanyi.

Can ya fara. Aikin me nake yi? Mahaifina yana raye? Me yake sana'a? Mu nawa ne a gidanmu? Motar nan tawa ce? Wallahi tiryan-tiryan kamar yadda 'yan majalisa suka lissafa. Na ce a raina, to fa, yau an zo wurin. Da muka hau wani faffaɗan dutse, sai ya zaro 'yar ƙaramar waya daga aljihu, ya ce nan ne kawai ake samun sabis, ya kira wani ya yi magana da yarensu yana waiwayena yana murmushi. Nan na gama yanke hukunci: an sanar da su kaya ya iso.

Dabara ɗaya ta zo min, in karya farashina.

Na ce masa ai motar aro ce (wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a kan dutsen nan), shaddar ma ta aro ce, agogon kuma bai taɓa aiki ba. Na ce da dai malami ne ni, amma an kore ni tun bara. Ya ce subhanallahi, me na yi? Na ce rashin zuwa aiki. Mahaifina kuma, bawan Allah da bai taɓa ɗaga min murya ba, na ce ya sallama ni, ko mutuwa na yi ba zai zo ba. Da na ga tsohon yana jinjina kai, sai na ga kamar ciniki yana faɗuwa, na ƙara wuta. Na ce na yi aure sau biyu, duk matan sun gudu saboda yunwa. Na ce kuma akwai wani ciwo da ke tasar min lokaci-lokaci, in ya motsa sai an ɗaure ni.

Muka iso bakin kogon da ya ce nan ake ɓoye mata da yara zamanin yaƙi. Bakin ƙarami ne, sai an durƙusa, ciki baƙi ƙirin. Ya tsaya ya dube ni.

"To Malam, wurin wa ka zo a garin namu?"

"Ba kowa, Baba. Ban san kowa ba a nan. Tarihi kawai na zo gani."

Ya sake tambaya, na sake musantawa. Sai ya nuna kogon da addarsa ya ce bismillah, in shiga gaba. Na ce fitsari ya matse ni. Na zaga bayan wani dutse, na tattare shadda, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Rabin gangaren da gudu na yi shi, rabin da mazaunai. Ƙaya ta yage min hannun riga, hulata kuwa ban san inda ta tsaya ba.

A gindin kukar na tarar da wasu dattawa biyu suna jirana, suka ce daga gidan Baba Gado suke. Har godiya na yi wa Allah da ya fitar da ni. A hanya ma na rage murya na ba su shawara, na ce su sa ido, akwai wani tsoho mai adda a garin nan da ban yarda da take-takensa ba. Suka dubi juna.

Aka shimfiɗa min tabarma a zaure, aka kawo fura, dattawa suka cika wurin. Can aka ce ga maigida nan. Ya shigo da babbar riga fara sol, ya zauna a kan buzu, ya ajiye hulata a gabana.

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi.

Ashe al'adar gidan ce. Duk mai neman 'yarsu, babban gida ne ke hawa da shi tsohon gari da kayan gona, ba tare da ya faɗi ko shi wane ne ba, don ya ji bakinsa tun bai shirya ba. An kuma hana 'yan matan gidan su fasa ƙwai. Wayar da ya yi a kan dutse, cewa ya yi a yanka kaza baƙo ya iso.

Baba Gado bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Gabatar da ni ya yi ga dattawa a natse: ga mai neman Saratu, korarre daga aiki, uba ya sallama shi, mata biyu sun gudu, kuma a tanadi igiya don yana da ciwo. Zaure ya kaure da dariya, har wani tsoho a gefe ya ƙware da fura. Na durƙusa na faɗi gaskiya duka, har da laccar 'yan majalisa. Na ce na ɗauka infoma ne.

Dariyar ta tsaya cak. Baba Gado ya dube ni ya ce, "Ɗana, bara war haka kwanana goma sha ɗaya a hannunsu. Daga gonata suka ɗauke ni. Mu nan mu ake ɗauka."

Kunyar da na ji a baya wasa ce a kan wannan. Na kalli tufafinsa da lafazinsa na yanke masa hukunci, alhali shi ya ɗanɗani abin da ni labarinsa kawai nake ji a majalisa. Hawaye suka zo min, kuma ba na wasa ba.

Ya ce abu ɗaya yake son sani: me ya sa na ce ban san kowa ba a garin? Na ce tsoro nake kada a biyo gidan su Saratu ta dalilina. (Kashi bakwai cikin goma gaskiya ne. Sauran ukun, bakina ne ya riga ya saba.) Ya ce wannan ita ce kaɗai ƙaryar da ya yafe. Sauran kuwa, tunda da bakina na faɗa, sai na kawo masu ƙaryata ni ɗaya bayan ɗaya.

Wata biyu ana wannan shari'a. Na kai shugaban makarantarmu ya shaida ina bakin aikina. Na kai limamin unguwarmu ya shaida ban taɓa aure ba. Mafi wuya shi ne durƙusawa gaban mahaifina in yi masa bayanin dalilin da zai sa ya yi doguwar tafiya don ya rantse bai sallama ni ba. Ya je, ya gaya wa Baba Gado cewa bai taɓa tunanin yi ba sai da ya ji wannan labarin. Saratu kuwa mako guda ba ta ɗaga wayata ba, ranar da ta ɗaga ma dariya ta hana ta magana.

An ba ni ita, alhamdulillahi. Abin da na koya shi ne, kafin ka zargi mutum ka fara tambayar sunansa. In kuma tsoro ya riga ya ci ƙarfinka har sai ka yi ƙarya, to ka yi 'yar kaɗan, don kowace guda sai ka ɗauko dattijo a mota ya je ya warware ta.