Haƙorina a cikin jimina

Wautar da na tafka a gidan namun daji na Hartum, ba wanda ya taya ni, ni kaɗai na yi abata.

Bayan mun gama yankan riɗi a gonakin Simsim, na ɗauki matata Zahra'u muka tafi kallon birni. Ina da haƙorin Makka na azurfa, shi ne shaidata a garinmu Gadarif cewa na sauke farali. Ya soma girgiɗi, don haka in zan tauna abu sai in zare shi in jefa a aljihun jallabiya. Ran nan aljihun cike yake da gasasshiyar gyaɗa.

Da muka iso wajen jimina, mai gadi ya ce, "Ya hajj, mamnu', an hana, ba a ba ta komai."

Na ce, "Ya zol, bawan Allah, kakana makiyayi ne. Ba dabbar da ba ta san tafin hannunmu ba."

Na damƙo gyaɗa na miƙa ta cikin waya. Jiminar ta karkata kai, ta tsallake gyaɗar kaf, ta tsince abin da ke ƙyalli. Muna tsaye muna kallonsa yana gangarawa a dogon wuyan nan, a hankali.

Mai gadi ya ce, "Ma'alesh, sai haƙuri. In kana so, ka dawo gobe da rariya."

Ban koma ba. Har yau a wajen shan jabana, gahawar nan tamu, abokai na cewa in yi murmushi su gani. Zahra'u kuwa, da nake ta yi wa alkawarin kujerar Makka, a mota ta faɗi nata: "Malam, jimina ma ta riga ni zama Hajiya."