Wasiƙar Kwalbati

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, gari ya waye da hadari a gabas, iska na kaɗa ledoji a kan titi. Malam Haladu, tsohon hedimasta, ya leƙa kwalbatin ƙofar gidansa ya tarar tana nan a toshe kamar bara. In aka yi ruwa mai ƙarfi, a falonsa zai kwana. Dama ya rubuta takardar koke zuwa ofishin ayyuka, 'yarsa da ke karatun lissafi a jami'a ta tsara masa ita da wata manhaja da suke shirya takardun bincike, ta turo masa a waya. Ya ɗauki lema ya nufi shagon buga takardu na Sagiru, wanda ke jikin gidan waya. Kwamfutar Sagiru ba ta taɓa haɗuwa da irin wannan manhaja ba, amma da yake ba ta saba cewa ba ta sani ba, sai ta buga abin da ya zo mata. Shafi uku suka fito cike da akwatuna, ƙugiyoyi, alamar tambaya da wasu ƙananan zane kamar sawun kaza.

Malam Haladu ya gyara tabarau, ya juya takardar sama da ƙasa.

"Sagiru, wannan kuma laya ce ka buga mini?"

"Wallahi Baba, abin da aka turo ke nan. Kwamfutata ba ta da laifi."

"Haka ne. Kai ma ba ka da laifi. A ƙasar nan ai ba a taɓa samun mai laifi ba."

Sagiru ya sake gwadawa. Wannan karon akwatunan suka ƙaru, har sunan Malam Haladu ya koma taurari. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, aka kuma fara yayyafi.

"Baba, ka yi haƙuri zuwa gobe. A kira 'yarka, Hajiya ƙarama, ta sake turowa yadda na'urarmu za ta gane."

"Ruwan zai jira goben?"

Malam Haladu ya zaro biro, ya sa hannu a ƙasan shafin ƙarshe, hannun nan nasa mai lanƙwasa da ɗalibai suke tsoro a da. Ya ninke takardun ya sa a ambulan, ya rubuta adireshi, ya shiga gidan waya ya sayi kan sarki. Sagiru ya biyo shi har bakin akwatin wasiƙu, yana riƙe baki.

"Haba Baba! Da girmanka? Wa zai iya karanta wannan a ofishin?"

Malam Haladu ya jefa wasiƙar, ya buɗe lemarsa.

"Na rubuta musu da Hausa, na rubuta musu da Turanci, ba su gane ba. Wa ya sani, ko wannan ne yarensu."